Turaren Wuta a Ɗakin Mai Jego

Da zarar hunturu ya kankama, shiga gidan barka ka sha kallo. An kulle ƙofa, an toshe taga da tsohon zane, kasko na tsakiyar ɗaki yana tuttuɗo hayaƙi har fuskar mai jego ba ta ganuwa sosai, ga jaririn kwana uku kwance a gado. In ka yi magana sai a ce, "Haba, ai turare ne, ba hayaƙin murhu ba. Itace ne fa da Allah ya halitta." Wannan magana ta ishe ni.

Turaren wuta ba baƙo ba ne: sandal, hawi, gabgab, kajiji, farce, a jiƙa da madarar turare, wasu su haɗa da sukari. Tun kafin haihuwar Annabi Isa ayarin raƙuma ke ɗaukar lubban daga yankin Dhofar na Oman zuwa Masar da Rum, kuma a yau matan Maiduguri da Chadi da Sudan sun mai da haɗa shi sana'a abin alfahari. Ba wanda ya ce a daina.

Amma wa ya ce abu mai ƙamshi ba ya cutarwa? Taba ma ganye ce, Allah ne ya halicce ta. Duk abin da aka ƙona, itace ne ko ƙaro ko sukari, yana sakin ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, su wuce hanci su zarce can cikin huhu. Jariri kuwa yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti guda, babba sau 12 zuwa 20, ga hanyoyin iskarsa 'yan sirara. Wanda ba ya iya cewa a buɗe taga, shi ya fi kowa shaƙa. Mai asma kuma tuni ya san labarin. Wani bincike da aka wallafa a 2008, wanda ya bi diddigin mutum sama da 60,000 a Singafo, ya gano cewa masu shekara da shekaru suna ƙona turare kullum sun fi fuskantar kansar hanyoyin numfashi na sama.

Mafi muni shi ne garwashin. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya. Takan fara da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Abin takaici, sai a ce mai jego ta gamu da iska ko an yi mata baki, a sake zuba wani turaren a kasko!

Iyaye mata, ku ne masu ɗakin. A hura gawayin a tsakar gida, sai ya yi ja sarai. A fitar da jariri kafin a shigo da kasko, a zuba turare ɗan kaɗan, taga a buɗe. In ƙamshi ya kama, a fitar da kaskon, a jira hayaƙi ya washe sannan a dawo da yaro. Kayan sawa a turara su a kabbasa a waje, a bar su su sha iska. Kada a kwana da garwashi a ɗaki da sunan ɗumama shi, komai sanyi. A ƙara bargo, a sa wa yaro hula da safa. Kaskon lantarki ya raba ku da gawayi, amma hayaƙin turaren na nan. 

In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka fara kukan ciwon kai lokaci guda, ko jariri ya yi laushi ya ƙi kama nono, a fitar da kowa waje nan take, a wuce asibiti, a kuma faɗa wa likita cewa akwai garwashi a ɗakin.