Ƙanjamau Da Hanyoyin Jini: Abin Da Likitoci Suka Gano

Shekarun baya, kadan aka ce an sami ƙwayar cutar ƙanjamau a jinin mutum, sai dangi su fara ƙirga masa kwanaki. A 1981 ne likitocin Amurka suka fara ba da labarin cutar, a 1983 masana a birnin Faris suka gano ƙwayar da ke haddasa ta, a 1986 kuma Nijeriya ta ba da sanarwar masu ita na farko. Amma tun 1996, sa'ad da aka gano hanyar haɗa magani iri uku a sha tare, al'amari ya sake. Yau akwai wanda ya yi shekara ashirin yana shan magani, yana zuwa ofis ko makaranta, ya aurar da 'ya'ya, har furfura ta fito masa. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar a Nijeriya. To, da mutanen nan suka daɗe a duniya, sai likitoci suka lura da wani abu da babu wanda ya yi tsammaninsa da fari, watau ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suna kama su fiye da tsararrakinsu, kuma tun da sauran ƙarfinsu.

Kafin mu shiga dalili, ya kamata mai karatu ya san yadda hanyar jini ta ke. Tun ƙarni na 13 wani likita a Alƙahira, Ibn Nafis, ya bayyana cewa jini ya kan bi ta huhu kafin ya koma zuciya, sa'an nan a 1628 William Harvey na Ingila ya nuna jinin kewaya jiki ya ke yi, ya komo inda ya fito. Zuciya ta kan buga wajen sau 100,000 kowace rana, tana tura jini cikin jijiyoyi. Cikin kowace jijiya kuwa akwai wata shimfiɗa siririya ƙwarai, mai santsi kamar daɓen ɗakin da ya sha makuba. Shimfiɗar nan ba a banza ta ke ba. Ita ce ke sa jijiya ta buɗe sa'ad da mutum ya ke gudu, ta koma daidai in ya huta, ita ce kuma ke hana jini daskarewa a hanya.

Kadan daɓe ya tsage, kowa ya san ƙura da ƙwari nan su ke taruwa. Haka jijiya ta ke. In shimfiɗarta ta sami rauni, sai maiƙon da ke yawo cikin jini ya kutsa ƙarƙashinta, fararen ƙwayoyin jini su bi shi su haɗiye, su ma su maƙale nan. A kwana a tashi abin ya zama tudu, hanya ta ƙuntata, bangon jijiya ya yi tauri. Mutum ba ya jin kome. Ran da tudun ya fashe, jini ya daskare a wurin ya toshe hanya, shi ke nan. In jijiyar da ke ciyar da zuciya ce, sai ciwon zuciya na farat ɗaya. In ta ƙwaƙwalwa ce, sai ɓarin jiki ya shanye.

Wannan fa yana iya samun kowa. Amma a 2013 aka buga sakamakon wani bincike a kan tsofaffin sojojin Amurka fiye da 82,000, aka ga masu ƙwayar sun fi sauran kamuwa da toshewar jijiyar zuciya da kusan rabi, ko bayan an yi lissafin shan taba da hawan jini da ciwon sukari an ware. A 2018 kuma waɗansu masana suka tattara binciken ƙasashe da yawa wuri guda, suka ce hatsarin ya kai ninki biyu, kuma Afirka kudu da Sahara tana cikin wuraren da nauyin abin ya fi yawa.

Mene ne dalili? Magani yana danne ƙwayar har awo ya kasa ganinta a jini, amma ba ya fid da ita daga jiki ɗungum. Tana nan ɓoye. Saboda haka dakarun jiki ba su kwance ɗamara ba, kullum a tsaye su ke, kamar dogaran da aka ce musu ɓarawo yana cikin gari amma ba a san gidan da ya shiga ba. Har wa yau, tun makonnin farko na kamuwa ƙwayar ta kan yi wa garkuwar hanji ɓarna mai yawa, har gutsattsarin ƙananan ƙwayoyin da ke zaune cikin hanji su riƙa tsallakawa cikin jini, su ƙara tunzura dakarun nan. Abin da ke biyo baya shi ne wani kumburi na ɓoye, wanda ba zazzaɓi ba ciwo, yana ci a hankali kamar wutar ƙaiƙayi. Shimfiɗar jijiya ce ke shan wahalarsa, jini kuma ya fi saurin daskarewa.

Da fari magungunan aka ɗora wa laifi, kuma da ɗan dalili, gama waɗansu na farko su kan ƙara maiƙon jini, su sake fasalin jiki, fuska ta rame ciki ya fito. Sai aka ce to a gwada hutar da mutane, a dakatar da magani in garkuwa ta yi ƙarfi, a koma in ta sauka. Aka shirya gwaji mai suna SMART, da mutum 5,472 a ƙasashe 33. A watan Janairu na 2006 aka tsai da shi tun bai kai ƙarshe ba, domin waɗanda a ke hutarwa sun fi sauran rashin lafiya da mutuwa fiye da ninki biyu, kuma ciwon zuciya da na ƙoda da na hanta, waɗanda a ke gudun magani ya kawo, ashe ga masu hutun suka fi yawa. Daga nan magana ta kife. Ƙwayar da aka sake wa linzami ta fi maganin ɓarna nesa ba kusa ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar a fara ba shi magani nan da nan, kada a jira garkuwarsa ta faɗi. Wanda ya ke ajiye magani domin ya ji sauƙi, ko domin wani mai tallan sassaƙe ya ce ya warkar da shi, jijiyoyinsa ya ke yi wa illa.

Duk da haka magunguna ba ɗaya su ke ba. A 2008 wani babban bincike ya danganta abacavir da ƙarin toshewar jijiyar zuciya, saboda haka likitoci su kan kauce masa ga mai hatsarin ciwon zuciya in akwai madadi. Shi kuwa dolutegravir, wanda Hukumar ta fifita a 2019, wanda kuma ke cikin ƙwayar da yawancin mutanenmu ke sha yanzu, magani ne mai ƙarfi, amma gwajin da aka yi a Johannesbag ya nuna waɗansu su kan yi ƙiba da shi, musamman mata. A ƙasarmu kuwa, inda aka san cutar da rama, kadan mai ita ya yi jiki sai murna, a ce sauƙi ya samu. Lalle sauƙi ne, amma in teɓa ta wuce kima ta kan jawo hawan jini da ciwon sukari. Sake magani aikin likita ne kaɗai.

Sai maganar taba. A Denmak, inda magani kyauta ne, aka yi lissafi a 2013 aka ga mai ƙwayar ɗan shekara 35, in yana shan taba, a kan sa ran ya kai wajen shekara 63, in kuwa ba ya sha, 78. Watau taba ta fi ƙanjamau kanta rage masa kwana. Ba mu ga wani magani da zai mayar wa mutum da shekarun nan kamar jefar da kwalin sigari ba.

A nan Afirka ta Yamma kuwa babban abokin gaba shi ne hawan jini. Binciken SIREN, wanda aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana aka buga a 2018, ya nuna cikin kowane goma da ɓarin jikinsu ya shanye, wajen tara da hannun hawan jini a ciki, kuma masu cin ganye kullum abin ya fi yi musu sauƙi. Ga zogale, ga rama, ga alayyafo a kasuwa, ba su da tsada. Gishiri kuwa Hukumar Lafiya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma a tuna dunƙulen da a ke jefawa cikin miya yawancinsa gishiri ne, kanwa ma danginsa ce. Abin takaici shi ne mutum ya yi shekaru yana zuwa karɓar maganin ƙanjamau, a ƙirga masa ƙwayoyi a sallame shi, ba a taɓa ɗaura masa abin awon jini a dantse ba. Awon nan bai fi minti biyu ba. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka sake aunawa wata rana aka sami haka, to ana bukatar magani.

Labari mafi sabo shi ne na gwajin REPRIEVE, wanda likita Steven Grinspoon na birnin Bostan ya shugabanta. An ɗauki mutum 7,769 masu ƙwayar a ƙasashe 12, 'yan shekara 40 zuwa 75, duk suna shan magani, waɗanda bisa lissafin da aka saba ba a ɗauka suna cikin babban hatsari ba. Rabi aka ba su pitavastatin, maganin rage maiƙon jini, miligiram 4 kowace rana, rabi aka ba su ƙwayar da ba kome a cikinta. Bayan kimanin shekara biyar, a 2023, aka ga ciwon zuciya da shanyewar jiki da makamantansu sun ragu da kashi 35 cikin 100 ga masu shan maganin, har aka tsai da gwajin da wuri. Ba a rasa cikas ba, gama ciwon sukari da ciwon tsoka sun ɗan ƙaru. A 2024 hukumomin lafiya na Amurka suka shigar da irin wannan magani cikin shawarwarinsu. Afirka ta Kudu da Botsuwana da Yuganda da Zimbabuwe sun shiga gwajin, amma babu ƙasar Afirka ta Yamma ko ɗaya. Kada kuma kowa ya je kemis ya saya da ka, domin waɗansu 'yan'uwan maganin, kamar simvastatin, ba su jituwa da waɗansu magungunan ƙanjamau, haɗuwarsu tana iya lalata tsoka.

Malaman makaranta da akawuna su ne waɗanda a kan kawo wa takardar asibiti su karanta, su ne kuma a kan fara kira in abu ya faru a unguwa. To, kadan kun ga baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko mutum ya dafe ƙirji yana gumi yana cewa an danne shi da dutse, kada a ce iska ce ta buge shi a tsaya turare. Allurar da ke narkar da daskararren jini a ƙwaƙwalwa, a asibitin da ke da ita, cikin sa'a huɗu da rabi na farko a ke yin ta, kuma sai an ɗauki hoton kai tukuna. Ku lura da sa'ar da abin ya fara, ku tafi da dukan magungunan da ya ke sha, har da na ƙanjamau, ku nuna wa likita a keɓe.