Yadda matasa za su iya shigar da wasan dara cikin kwamfuta

A Takanamat, kamar sauran garuruwan Adar, ba sai da kuɗi ake yin dara ba. Galibi ana tona gurbi 30 a ƙasa, layi 5 kowane da gurbi 6, ɗan wasa ya riƙe tsakuwa 12, abokin karawarsa ya riƙe tsinke 12. Wanda ya jera uku sai ya ci ɗaya daga cikin ƴaƴan abokinsa. Matashin da ke koyon rubuta manhaja, a Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua ko a gida da wayar salula, zai iya fara rubuta wasan kwamfuta da wannan darar da ya sani.

Abu na farko shi ne jeri, wanda malamai ke kira tablo da Faransanci: ma'aji ɗaya mai gurabe da yawa, kowane da lambarsa. Ƴaƴan dara 24 ne, don haka jeri mai gurbi 24 ya isa.

To amma kowane ɗa yana da bayanai huɗu: mai shi, layinsa, gurbinsa, da ko an ci shi. Sabon shiga yakan buɗe jeri huɗu daban-daban. A nan ake samun matsala: idan ya gyara uku ya manta ɗaya, sai a ga tsakuwar da aka ci ta dawo fili.

Maganin shi ne mutum ya ƙirƙiri nau'in bayani nasa. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya samar a Amurka a 1972, kalmar struct ce ke yin wannan aikin. Tana ɗaure bayanan huɗu wuri ɗaya, kamar katin ɗan ƙasa da ke ɗauke da suna, ranar haihuwa da gari. Daga nan sai a buɗe jeri guda mai kati 24, manhaja ta riƙa duba su ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai a kula: C daga 0 yake fara ƙirga, ke nan ɗa na ƙarshe shi ne na 23. Wanda ya nemi na 24 ya fita daga jeri, kuma harshen ba zai gargaɗe shi ba, wasan na iya tsayawa cak.

Wanda ya iya wannan, da dabarar zai rubuta manhajar lissafin kayan shago ko rajistar ɗaliban makaranta.