ZANEN MASOYA: WASAN YARA NE KO SANA'A?

Ba baƙon abu ba ne a yau magidanci ɗan Arewa mazaunin Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo a Badun, ya komo gida daga kasuwa ya tarar da ɗansa ko 'yarsa an duƙufa a kan waya ana ta jan layi da yatsa. In ya leƙa sai ya ga hoton wani yaro mai manyan idanu da gashi tsaitsaye, in ya tambaya a ce masa ai Naruto ne, ko kuwa Goku, watau taurarin majigin zane na ƙasar Jafan. Abin da uba yakan ce shi ne shiririta ce, a ajiye waya a ɗauki littafi. To, ya kamata iyaye su sani cewa wannan abu yana da suna, yana da tarihi na kusan shekara 60, yana da kasuwa da dokoki, kuma yana da nasa haɗarin.

Abin da yaron nan yake yi shi ake kira zanen masoya. Watau mutum ya ga wani tauraro a fim ko a littafin zane ya ƙaunace shi, sai ya zana shi da hannunsa, ya sa masa tufafin da ya ga dama, ya kai shi inda mai labarin bai taɓa kai shi ba, sa'an nan ya saka zanen a intanet domin sauran masoyan tauraron su gani su yi sharhi. Akwai kuma mataki na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci, shi ne mai zane ya ƙago nasa tauraron da kansa. Masu harkar suna kiran irin wannan da haruffa biyu, O.C. Mai shi yakan raɗa masa suna, ya zana shi ta gaba da ta baya a shafi guda, ya nuna launin fatarsa da na kayansa, ya rubuta shekarunsa da halinsa, da abin da yake so da abin da yake tsoro, don duk wanda zai zana shi nan gaba ya bi wannan siffa.

ASALIN ABIN

Tun kafin a san intanet aka fara wannan al'ada. A 1966 aka soma nuna wani shirin talabijin a Amurka mai suna Star Trek, labarin matafiya a sararin samaniya. Shekara guda bayan haka, a 1967, waɗansu mata biyu masu son shirin suka fitar da wata 'yar mujalla, Spockanalia, da irin injin gurza takardar nan da aka sani a ofisoshin makarantu. A ciki aka tara rubuce-rubuce da zane-zanen da masoya suka yi da kansu. Daga nan irin waɗannan mujallu suka yi ta yaɗuwa ta gidan waya, kowa yana cusa nasa tauraron a cikin labarin. Abin ya yi yawa har a 1973 wata marubuciya, Paula Smith, ta yi wani gajeren labarin ba'a game da wata yarinya Mary Sue, 'yar shekara 15 da rabi, wadda ta fi kowa kyau da ilmi a jirgin, kowa kuma yana sonta. Har yau in aka ce wa ƙagaggen tauraro Mary Sue, to, ana nufin mai shi ya cika masa baiwa ya hana shi aibi, don haka ba ya kama da ɗan Adam.

A Jafan kuwa abin ya zama babbar kasuwa. Ran 21 ga Disamba, 1975, aka buɗe wata kasuwar baje koli a birnin Tokiyo mai suna Comiket, inda masu zane 'yan sa kai suke sayar da littattafan da suka buga da kuɗin aljihunsu. A ranar ƙungiyoyi 32 ne suka kasa kaya, mutum kimanin 700 suka halarta. Ana cin kasuwar sau biyu a shekara, a Agusta da Disamba. A cin da aka yi cikin Disamba 2019, an ƙiyasta mutum 750,000 suka shiga cikin kwana huɗu. Daga cikin irin waɗannan 'yan sa kai ne aka sami gwanaye da dama, misali ƙungiyar matan nan CLAMP, waɗanda suka fara da zana taurarin wasu, daga baya suka fito da nasu littattafan da aka fassara cikin harsuna da yawa.

DAGA TAKARDA ZUWA WAYA

Zuwan intanet ya rushe katangar nisa. A Agusta 2000 aka buɗe dandalin DeviantArt a Amurka, inda kowa zai iya saka zanensa kyauta, a 2017 kuma wani kamfani, Wix, ya saye shi a kan dala miliyan 36. A 2007 Jafanawa suka buɗe nasu, Pixiv. Yau kuma Instagram da TikTok da Facebook duk cike suke da irin wannan zane. Kayan aikin ma sun yi araha, domin akwai manhajoji irin su ibisPaint da ake saukewa a waya ba tare da biyan ko kwabo ba, yaro ya yi zane da yatsa ko da alƙalamin roba.

Zaman waɗannan zauruka na masoya yana tafiya ne bisa ba ni in ba ka. Masu zane biyu sukan yi musaya, kowa ya zana tauraron ɗan'uwansa. Akwai ma wata gasa, Art Fight, da ake yi kowace shekara cikin watan Yuli, inda ake raba masu zane gida biyu, mutum ya zaɓi tauraron wani daga ɗaya ɓangaren ya zana masa, su kira wannan hari, shi kuma wancan ya rama da nasa zanen. Ɓangaren da ya fi tara maki shi ya ci, amma ba a ba da kuɗi, ribar kowa ita ce ya koma da sababbin hotunan tauraronsa. Ta fuskar kuɗi kuwa, wanda hannunsa ya faɗa yakan rubuta farashinsa kamar yadda tela ke yi, kai kaɗai kaza, rabin jiki kaza, cikakken mutum da launi kaza, masu so su ba da aiki su biya. Wasu kuma sukan ƙago taurari su sayar da su ɗungum ga wanda ba ya iya ƙagowa.

MAI KAYA DA MAI ARO

A nan ne fa gizo ke saƙa. Naruto da Goku da Mickey Mouse duk dukiyar kamfanoni ce, doka kuma ta ba masu su haƙƙin mallaka. Yawancin kamfanoni sukan kau da kai ga zanen masoya, domin talla ce suke samu a banza, amma ran da suka ga dama sai su taka birki. A 1989 kamfanin Disney ya tilasta wa waɗansu makarantun renon yara uku a jihar Fulorida ta Amurka su goge hotunan taurarinsa da aka zana a bangonsu. A 1999 'yan sandan Jafan suka kama wata mata saboda ƙarar da kamfanin Nintendo ya kai a kan wani littafin batsa da ta yi da taurarin Pokemon. Shi kansa Mickey Mouse, siffarsa ta farko ta 1928 ba ta fita daga hannun Disney ta zama ta kowa ba sai ran 1 ga Janairu, 2024, bayan shekara 95.

Waɗansu kamfanonin sun zaɓi wata hanya dabam. Kamfanin Crypton na Jafan, wanda ya fito da wata mawaƙiyar kwamfuta mai suna Hatsune Miku a 2007, ya ba masoya izini a rubuce su zana ta yadda suke so, muddin ba ciniki za su yi da ita ba. Duk da haka dai izini ne, mai kaya yana nan da kayansa.

A Nijeriya ma akwai doka. Sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta kare zane tun daga lokacin da aka yi shi, tsawon ran mai shi da kuma shekara 70 bayan rasuwarsa. Ma'anar wannan ga yaron da ke zane a Agege a fili take. In ya shekara goma yana zana Goku, ya koyi hannu, amma Goku ba nasa ba ne, ba zai iya buga littafi da shi ya kai kasuwa da gaba gaɗi ba. In kuwa ya ƙago nasa, to, wannan dukiyarsa ce har 'ya'yansa su gada. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Aro dai ba abin kunya ba ne ga mai koyo. Akira Toriyama, wanda ya ƙago Goku a 1984, daga wani tsohon labarin ƙasar Sin na sarkin birai ya ɗauko tushensa. Alhaji Abubakar Imam ma da ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya wajen 1937, ya ɗebo daga Alfu Laila da labarun wasu ƙasashe, amma ya sa musu rigar Hausa har suka zama nasa. Abin lura shi ne dukansu ba su tsaya a kwaikwayo ba.

NA'URA TA SHIGO GONA

Tun daga 2022 wata sabuwar damuwa ta taso wa masu zane, watau manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney da Stable Diffusion, waɗanda in aka rubuta musu bayani sai su fitar da hoto nan take. An horar da su ne da ɗimbin hotunan da aka kwaso daga intanet, ciki har da na masu zane da ba a nemi izininsu ba. A Janairu 2023 waɗansu masu zane uku, Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz, suka kai kamfanonin Stability AI da Midjourney da shi kansa DeviantArt ƙara a wata kotun tarayya a Kalifoniya. A wannan shekarar kuma masana a Jami'ar Shikago suka fito da wata manhaja, Glaze, wadda ke yi wa zane wani lulluɓi da ido ba ya cika lura da shi, don ya rikita na'urar da ke son kwaikwayon hannun mai shi. Zauruka da yawa na masoya sun hana saka hoton na'ura, ko kuma sun ce lalle a yi masa alama.

INA 'YAN AREWA?

Mazauna Ikko suna zaune ne a bakin wannan kasuwa. A 2012 Ayodele Elegba ya fara taron Lagos Comic Con, inda masu zane ke baje kolinsu. A 2013 Jide Martin ya kafa kamfanin Comic Republic, wanda ya ƙago jarumai 'yan Nijeriya irin su Guardian Prime. A Fabrairu 2024 Disney ya fitar da shirin Iwaju, labarin Ikko ta nan gaba, wanda ya yi tare da kamfanin Kugali na matasan Afirka. Abin da ya fi shafar mai karatu shi ne Malika, jarumar sarauniyar da Roye Okupe, haifaffen Ikko, ya ƙago, ya ba ta daula mai suna Azzaz. Daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ya samo ta, a 2021 kuma kamfanin Dark Horse na Amurka ya karɓi buga littattafansa.

Ya kyauta da ya yi haka, ba kuma wanda ya hana shi. Amma tambayar da ya kamata 'yan Arewa su yi wa kansu ita ce, ina nasu 'ya'yan? Ga Bayajida da Daurama da rijiyar Kusugu, ga Gizo da Ƙoƙi, ga 'yan dambe da 'yan tauri, ga mahaya dawakin hawan Sallah da lifidi da kwalkwali, ga fataken goro da suka kafa zangunan Kurmi. Yaron da ya tashi a Sabo yana jin Hausa da Yarabanci da Turanci, ya san ƙauyen kakansa ya kuma san birni, yana da labarin da ba Bajafane ko Ba'amurken da zai iya zanawa. Hannun ma ba baƙo ba ne a Arewa, duk wanda ya bi bayan gingimari a hanyar Kano zuwa Ikko ya ga zakoki da jaruman fim da masu fenti suka zana a jikinta.

ABIN DA IYAYE ZA SU LURA DA SHI

Na farko, ba dukan abin da ke cikin waɗannan zauruka ne mai tsabta ba. Akwai zanen batsa, akwai kuma manya masu shigar yara. Yawancin dandalin ba su yarda da wanda bai kai shekara 13 ba, saboda haka uba ko uwa su riƙa duba inda yaro ke saka zanensa da wanda yake magana da shi, a kuma gargaɗe shi kada ya ba kowa adireshin gida ko hotonsa. Na biyu, ana satar zane, don haka yaro ya saba da sa hannunsa da kwanan wata a jikin kowane aiki, ya kuma adana zanen farko na fensir. In an ba shi aikin kuɗi, a karɓi kafin alƙalami, da sanin wani babba.

Na uku shi ne batun addini, wanda ba Musulmin da zai tsallake. Malamai sun yi magana mai yawa a kan surar abu mai rai. Waɗansu sun hana baki ɗaya, malaman Malikiyya kuwa sun bambanta gunki mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda. Wannan magana ce da uba zai kai wa malamin da ya amince da shi. Ko wanda ya zaɓi ya kauce wa zanen mai rai, ƙofa ba ta rufe masa ba, domin masu littattafan zane da majigi suna bukatar masu zana gine-gine da kasuwanni da tufafi da zayyana.

Saboda haka in magidanci ya sake tarar da yaro a kan wannan aiki, bayan ya tabbata an yi salla an yi karatun makaranta, maimakon ya ƙwace wayar, ya zauna ya tambaye shi, wannan da ka zana na wane ne? In ya ce na Jafanawa ne, sai ya ce masa madalla, to, gobe a nuna mini naka. Allah ya shiryi zuriya, ya sa albarka a abin da hannuwansu suka koya, amin.