Yadda maganin antibodi ke kama ƙwayoyin sankara

Magungunan da ake kira antibodi suna cikin manyan makaman da likitoci ke yaƙar cutar sankara da su, amma amfaninsu ya dogara ne kacokan a kan ko sun kama ƙwayar da aka tura su kamawa.

Shi dai antibodi sinadari ne da garkuwar jiki ke samarwa, kuma siffarsa kamar ta gwafa ce. Rassan biyu ne ke damƙar wata alama a jikin ƙwayar cuta, yayin da gindin ke jawo dakarun garkuwar jiki su hallaka ta.

A shekarar 1975 ne Georges Köhler da César Milstein suka gano hanyar samar da antibodi iri guda a birnin Cambridge na Ingila, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1984.

Misali shi ne maganin Herceptin, wanda Amurka ta amince da shi a 1998. Yana kama alamar HER2 ne, wadda ke yin yawa a kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na sankarar mama.

To sai dai kamun da ake gani a ɗakin gwaji daban yake da na cikin jiki. Antibodi yana da girma, saboda haka da ƙyar yake ratsa ƙari. Idan kuma kamunsa ya cika ƙarfi, sai ya maƙale a ƙwayoyin da ke bakin jijiyar jini, na can ciki su tsira.

Domin bin sawunsa, masana kan liƙa masa ƙarfen zirconium-89 mai fitar da tururin nukiliya kaɗan, sannan su ɗauki hoton majinyaci da na'urar PET.

A 2010, masu bincike a Groningen ta ƙasar Holan sun nuna cewa kwana huɗu zuwa biyar bayan allura, ana ganin maganin ya taru a inda sankarar ta bazu, kamar hanta da ƙashi da ƙwaƙwalwa.

Irin wannan bincike na taimakawa wajen tantance wanda maganin zai yi wa amfani, domin yana da tsada, kuma yakan raunana zuciyar wasu. Dalili ke nan da likitoci ke auna zuciyar majinyaci kafin a fara shi da kuma lokacin da ake ba shi.