Da wa ɗanka yake zama a jami'a?

Bayan sallar Juma'a a ƙarshen damunar bana, wani dattijo manomi daga wajen Jogana ya tsaya jiranmu a bakin masallaci. Ya sayar da gyaɗa da rago ya kai ɗansa jami'a, ga shi yaron ya zo hutu yana ta maganar "ƙungiyarmu" da "manyanmu". Tambayarsa ɗaya ce: "Malam, in bar shi ko in hana shi?" Ba mu ba shi amsa nan take ba, domin kalmar ƙungiya a bakin ɗalibi tana ɗaukar abubuwa da dama, wasu rahama, wasu halaka.

Mu mutanen Gezawa mun san cewa gona ba ta nomuwa da hannu ɗaya. Gonakinmu ƙanana ne, jikin juna suke, kuma da gayya da aron jaki da taki iyayenmu suka riƙe su shekara da shekaru ba tare da sun huta ba. Yaron da ya tashi cikin wannan cuɗanya, ranar da aka sauke shi a ɗakin kwanan ɗalibai ba ya da kowa. Dole ya nemi wata gayyar. Wanda ya fara nuna masa inda ake rajista, ya ranta masa kuɗin takardu, ya raba masa garin kwaki a ƙarshen zango, shi ne zai zama ɗan'uwansa, wataƙila har kabari.

Turawa sun daɗe da gane ƙarfin wannan abota, har suka yi mata tsari. A Amurka an kafa ƙungiyar ɗalibai ta Phi Beta Kappa a shekarar 1776, aka kafa Skull and Bones a Jami'ar Yale a 1832. A zaɓen shugaban ƙasa na 2004, 'yan takarar manyan jam'iyyun biyu, George W. Bush da John Kerry, duk tsofaffin 'yan wannan ƙungiya ta biyu ne. Matashi yana shiga yana ɗan shekara ashirin, ya fito da mutanen da za su ɗaga masa waya yana ɗan sittin.

Ba sai mun je nesa ba. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, daga baya ta zama Kwalejin Barewa, ita ce misali mafi girma a Arewa. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa a can suka haɗu suna samari, ɗaya daga Sakkwato, ɗaya daga Bauchi. Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk sun bi ta makarantar. Lokacin da Arewa ta karɓi mulkin kanta, mutanen da suka riƙe ma'aikatu sun riga sun san halin juna tun daga ɗakin kwana: wane ne mai amana, wane ne mai gaggawa, wa za a bar wa baitulmali. Sai dai kada a ɗauka makaranta ɗaya tana haifar da ra'ayi ɗaya. Malam Aminu Kano ma ɗan makarantar ne tun tana Kaduna, kuma shi ya zama babban ɗan adawarsu. A nan Kano, tsofaffin ɗaliban Rumfa da na kwalejojin kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa suna da nasu ƙungiyoyin, kuma likitoci da injiniyoyi da yawa ta hannun wanda ya riga su aji suka sami hanyar farko.

Amma abin da dattijon nan yake tsoro shi ma gaskiya ne, kuma yana da tarihi. A 1952 ɗalibai bakwai a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, cikinsu har da Wole Soyinka, suka kafa ƙungiyar Pyrates, da niyyar yaƙi da ƙabilanci da girman kan 'ya'yan masu hali. Niyyar ba ta da laifi. Daga baya aka yi ta ɓallewa, kowane reshe da rantsuwarsa da alamarsa, har aka kai ga ƙungiyoyin asiri irin su Black Axe, wadda ta fito daga Jami'ar Benin a 1977. A daren 10 ga Yuli, 1999, 'yan ƙungiyar asiri suka afka ɗakin kwanan ɗalibai a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka kashe ɗalibai biyar. Abin da ake jan yaro da shi kuwa bai taɓa canzawa ba: za mu kare ka, za mu sama maka aiki, muna da manya a ko'ina. Ɗan talaka daga ƙauye, wanda ba shi da kawu a Abuja, shi ya fi kowa jin daɗin wannan alkawari. Hukuncin Shari'a a nan a fili yake. Rantsuwa da wanin Allah haramun ce, kuma alkawarin goyon bayan ɗan ƙungiya ko da shi ne azzalumi shi ne ainihin asabiyyar da Musulunci ya zo ya rushe.

Shekaru biyu kacal bayan Pyrates, a watan Afrilun 1954, wasu ɗaliban sakandare a Legas suka kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, MSSN, marigayi Abdul-Lateef Adegbite ya zama shugabanta na farko. Ta bazu zuwa Zariya da Kano da Sakkwato, ta raini malamai da alƙalai da 'yan siyasa masu yawa. Mu kanmu a sansanin hutunta na IVC muka fara tsayawa gaban jama'a muka yi magana, ƙafa tana rawa. Abokai uku da muka kwana a tabarma ɗaya da su a wancan lokaci, ɗaya ne ya cike mana takardun neman gurbin karatu a ƙasar waje, ɗaya ya tsaya mana a aure, na ukun kuma mu muka yi masa sallah shekaru biyar da suka wuce, 'ya'yansa har yau suna zuwa gidanmu hutu. Wannan ita ce ribar da ba a rubutawa a takardar digiri.

Duk da haka, ba za mu yi wa namu kara ba. Mun ga inda tsohon ɗan ƙungiyar addini ya hau kujera, ya cika ofis da 'yan'uwansa na da'awa, ya tsallake wanda ya fi su cancanta don bai taɓa ganinsa a masallacin makaranta ba. Ana kiran abin zumunci, alhali cin amanar jama'a ne, kuma gemu da ɗage wando ba sa halatta shi. Mun ga kuma yadda saɓanin aƙida da ya shigo harabar jami'o'i tun ƙarshen shekarun 1970 ya raba abokan ɗaki har suka daina gaisawa.

Ma'aunin da muke komawa gare shi yana cikin Sira. Da Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru a Madina, ya haɗa Abdurrahman bin Auf da Sa'ad bin Rabi'i. Sa'ad ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi kawai a nuna masa hanyar kasuwa. Ɗan'uwan ya buɗe ƙofa, shi kuma ya shiga da guminsa, bai karɓi haƙƙin kowa ba. Tsohon ɗalibin da ya gaya wa ƙaninsa na makaranta an buɗe ɗaukar ma'aikata, ya gyara masa takarda, ya koya masa yadda ake amsa tambayoyi, a kan sawun Sa'ad yake. Wanda ya cire sunan wani ya sa nasa kuwa, a wata hanyar yake daban.

Da muka gama wannan bayani, sai muka ce wa dattijon ya koma ya tambayi ɗansa abu uku, cikin raha ba da tsawa ba: a ina suke taro kuma da wane lokaci, hukumar makaranta ta san da su, kuma an taɓa ce masa akwai abin da ba zai gaya wa mahaifinsa ba? Bayan mako biyu ya dawo da yaron da kansa. Ashe ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukuma ce, da rana suke taro a ƙarƙashin bishiya kusa da masallacin makaranta, "manyan" kuma 'yan aji huɗu ne da ke koya wa sababbi lissafi a ranar Asabar. Dattijon ya yi shiru, sannan ya tambayi yaron su nawa ne a ɗakinsu. Ya ce shida. Ranar komawa, maimakon tiya biyar na gero da ya saba auna masa, buhu guda ya ɗora masa a mota.