Hawan Dutsen Kamaru Sai Da Jagora

Mutumin Bichi ko Dambatta in aka ce masa dutse, sai ya tuna da Dala, wanda yaro kan haye kafin tuwo ya huce. To, a bakin teku, kudu maso yammacin ƙasar Kamaru, akwai wani dutse da tsayinsa ya kai mita 4,040, babu kamarsa a duk wannan gaɓa ta Afirka. Mutanen wurin, wato Bakweri, suna kiran ƙololuwarsa Fako. A gindinsa garin Buea yake, inda Jamusawa suka mai da hedkwatarsu a 1901. Yankin kuwa tare da Nijeriya Turawan Ingila suka mulke shi, har ƙuri'ar 1961 ta haɗa shi da Kamaru.

Ba a hawan dutsen nan da ka. Baƙo yakan yi rajista a Buea, a haɗa shi da jagora da 'yan dako, domin ruwan sha ma sai an ɗauka, saboda ƙasar saman tana shanye ruwa nan take. An fi hawa da rani, daga Nuwamba zuwa Maris, tafiyar kwana biyu ko uku.

Da asuba ake tashi. Da farko a ratsa gonakin ayaba da gwaza, sannan a shiga kurmi mai duhu inda raɓa ke ɗiga kamar yayyafi. In an wuce bukka ta farko, sai itatuwa su ƙare, a faɗa ciyawa da hawa mai tsinka gwiwa. A bukka ta biyu akan kwana, cikin sanyin da ya fi na hunturu a Kano. Washegari babu kome sai baƙin dutse da toka da iska, numfashi kuma ya yi gajere. Wanda ya kai ƙololuwa, in gari ya yi garau, zai hangi teku shimfiɗe har da tsibirin Bioko.

Me ya sa sai da jagora? Hazo kan sauko ba sallama, mutum ya kasa ganin na gabansa. Ga shi kuma dutsen mai aman wuta ne: ya yi a 1909, 1922, 1959, 1982, 1999 da 2000. A 1999 narkakken dutse ya malalo har ya tare hanyar mota kusa da Bakingili. Jagora ya san inda ƙasa ke riƙe ƙafa, ya san inda giwayen kurmi ke bi, ya kuma san lokacin da zai ce wa baƙo, a koma.

Amma kada mai karatu ya ɗauka kowa ne ke jan ƙafa. Tun 1973 ake gasar tsere zuwa ƙololuwa da dawowa, kuma gwanaye kan gama cikin awa huɗu da 'yan kai. Wata uwar 'ya'ya, Sarah Etonge, ta ci ta mata sau bakwai.

Abin da zai fi ba manomi mamaki shi ne ruwa. Ƙauyen Debundscha, a gefen da ke fuskantar teku, yana samun ruwan sama wajen milimita 10,000 a shekara, fiye da ninki goma na abin da gonakin Kano ke samu. Duk da haka maɓuɓɓugan da garuruwan ƙasa ke sha, kurmin nan ne ke tsare su. Sara da farauta sun so cinye shi, shi ya sa gwamnati ta keɓe wurin a 2009. Wasu jagororin tsofaffin maharba ne, waɗanda suka gane dabba mai rai ta fi kawo musu abinci. Sai dai rikicin da ya ɓarke a yankin daga 2016 ya rage baƙi ƙwarai, har bama-bamai suka jikkata 'yan tsere a 2023. In baƙo ya ɗauke ƙafa, yunwa na iya mai da jagora ga bindiga da gatari.

Manomin Kano bai rasa fahimtar wannan ba. Kakanninsa sun bar gawo da ɗorawa tsaye a tsakiyar gona, domin sun san itacen da aka bari shi ke ciyar da gida shekara da shekaru. Allah ya kawo zaman lafiya a gindin Fako, ya ba mu hikimar riƙon abin da muka gada.