Ruɓewar Gindin Gyaɗa: Yadda Ake Amfani da Maganin Kariya

Tun da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa, wadda muke kira gujiya, take cikin manyan amfanin gonar wannan yanki. Saboda haka muke jawo hankalin manoman Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi kan cutar ruɓewar gindi.

Wani nau'in fumfuna mai suna Sclerotium rolfsii, wanda ke zaune cikin ƙasa, shi ne ke haddasa ta, musamman idan zafi ya haɗu da danshi. Alamarta ita ce reshe ya yi yaushi alhali ƙasa na da laima. Idan aka buɗa ganye, za a ga wani farin abu kamar auduga a gindin, da ƙananan ƙwayoyi masu kama da gero. Waɗannan ƙwayoyi sukan yi shekaru cikin ƙasa.

Abin lura shi ne, magani ba ya tayar da shukar da ta riga ta ruɓe, sai dai ya kare masu lafiya. Kafin shuka, a gauraya iri da maganin iri irin su Apron Star, ƙunshi ɗaya mai giram 10 ga kilo 4. Wannan kariya ta makonnin farko ce kawai. A gonar da cutar ta saba bayyana, a fesa magani mai sinadarin tebuconazole lokacin da ganye ya fara rufe kunya, a maimaita bayan kwana 14. A nufi gindin da feshi, domin nan cutar take. Bayan faɗuwar rana ganyen gyaɗa kan naɗe, magani ya fi isa ƙasa.

A sayi mai lambar rajistar NAFDAC, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a rufe hanci da hannuwa. A tambayi malamin gona kafin a ba dabbobi harawar, domin an hana hakan ga wasu magunguna.

Haka kuma, a daina tura ƙasa kan rassa wajen noma. A tuge waɗanda suka kamu a ƙone. A huta da gyaɗa shekara 2 ko 3, a shuka gero ko dawa. Wake da tumatir su ma suna kamuwa.

Muna roƙon hakimai da dagatai da jami'an gona su isar da wannan bayani tun kafin faɗuwar damina. Allah Ya ba mu damina mai albarka.